Yadda na shiga karatun lauya daga ƙauyenmu har na kai Bagauda

Tun ranar da aka ganni na dawo gida hutun ƙarshen mako da baƙar kot da farar riga, ƙannenmu na ƙauyukan nan suke ta nemana, wasu a waya wasu har ƙofar gida, daga wajen Bebeji da Kiru da Rano har da wasu yara biyu daga Jigawa da suka samu lambata a hannun wani, kuma tambayar ɗaya ce, Yaya ta ina ake farawa. To naga gara in zauna in rubuta shi duka yadda ya faru dani, don shekara biyu cur na ɓata a banza a kan abinda da akwai wanda ya gaya min a minti biyar da ban ɓata ba, kuma har yau in na tuna abin yana min ciwo.

Ƙauyenmu bashi da nisa da Bagauda. Muna yara in damina tayi mukan kai ƙwan zabi bakin titi wajen makarantar lauyoyin nan, wurin da ada otal ne, sai muga mutane suna fitowa kowa baƙi da fari kamar an haɗa baki, maza da mata, wasu ko gaisuwar Hausa basa ji. An ce mana lauyoyi ne ake koya musu aiki. Wallahi ko sau ɗaya bai taɓa zuwa raina cewa irinmu na shiga wurin ba, a ganina wuri ne na 'ya'yan wasu da aka ajiye a ƙasarmu kawai.

Abinda ya juya min tunani gonarmu ce. Kafin Baba ya rasu, lokacin da ciwo ya kwantar da shi, ya bada gonarsa ta bakin fadama jingina a hannun wani mutum ya karɓi kuɗin magani, a gaban mutum biyu, ba takarda ba komai, yadda dai aka saba. Baba ya rasu, shekaru suka ɗan ja, Inna ta tara kuɗin da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kiwon awaki, ranar da ta aika Kawu ya kai kuɗin sai mutumin yace shi ai saye yayi. Aka je wurin mai unguwa, aka je wurin dagaci, daga ƙarshe kotu. Ina aji uku na ƙaramar sakandare na raka ta. Alƙali yace ta kawo shaidu, ɗaya ya rasu ɗayan ya tafi kudu neman kuɗi ba wanda ya san inda yake. Aka ba mutumin rantsuwa ya rantse. Alƙali ya juyo yace baiwar Allah kina da sauran magana ko wata hujja kafin in yanke hukunci? Inna ta sunkuyar da kai tace Allah ya gafarta Malam na bar wa Allah. Shikenan aka tashi. Mun taho a ƙafa bata ce min uffan ba har gida, ni kuma abinda ya tsaya min a wuya shine ban gane komai daga abinda aka yi a ɗakin nan ba, da Hausa aka yi shari'ar amma kamar da wani yare.

Da na fara cewa lauya zan karanta ba ƙaramin surutu na sha ba. Baffana cewa yayi, kai yanzu duk sana'ar duniya ka rasa sai ta masu maida ƙarya gaskiya? Abin ya dameni sosai don ni ma tsoron nan yana raina, sai na samu malaminmu na zaure wanda muke karatun Risala a wurinsa bayan magariba na tambaye shi. Yace min wakilci a shari'a abu ne sananne a fiƙihu, mutum yana iya wakilta wanda ya fi shi iya bayani ya tsaya masa gaban alƙali, abinda aka hana shine ka tsaya wa zalunci kana sane. Sannan yace, da mahaifiyarka ta samu mai tsaya mata ranar nan ai da ba a ce anyi haram ba. Da wannan maganar na samu natsuwa, kuma da ita Baffa ya sassauta.

Na gama sakandare 2014 da kiredit ɗina masu kyau, Turanci da lissafi da Hausa da addini da darasin gwamnati duk na samu. Abinda ban sani ba, kuma ba wanda ya sani a duk makarantarmu, shine ba'a karatun lauya sai da Litireca, wato adabin Turanci. A makarantarmu ba malamin darasin ma balle a yi mana rajistarsa. Na sayar da ɗan akuyana na shiga gari na sayi fom ɗin JAMB na 2015, yaron kafe ya tambayeni kwas nace lauya, ya cike min Turanci da gwamnati da addini da Hausa, ya karɓi kuɗinsa. Shekarar ce kuma aka maida jarrabawar gaba ɗaya ta kwamfuta, ni da ban taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ana saura kwana uku wani ya nuna min a shagonsa. Duk da haka naci sama da 200 cikin 400, nayi ta murna ina jiran suna, lis na farko ya fito babu, na biyu babu. Sai wani ɗan bautar ƙasa da aka turo firamaren garinmu ya karɓi takarduna ya duba, ya girgiza kai yace ko 350 kaci ba za su ɗauke ka ba, haɗin darussanka ba na lauya bane.

Don Allah ƙannena ku riƙe wannan. A JAMB darussa huɗu ake yi, na lauya dole akwai Turanci da Litireca, sauran biyun daga ɓangaren gwamnati ko tarihi ko addini ko Larabci gwargwadon abinda jami'ar da ka zaɓa ta nema. A WAEC ko NECO kuma kiredit biyar har da Turanci da Litireca da lissafi. Kafin ka ba kowa kuɗi ka buɗe littafin bayanin kwasa-kwasai na JAMB na wannan shekarar ka karanta da idonka, kar ka bar wa mai kafe, shi layi yake so ya rage. Kuma ka tsaya a kansa ya rubuta sunanka da ranar haihuwarka daidai da yadda suke a takardar sakandare da katin ɗan ƙasa, mu nan ana wasa da wannan, yau Muhammad gobe Mohammed jibi an saka sunan gari a madadin sunan uba, to wannan ƙaramin abin sai ya biyo ka har ranar da za'a rantsar da kai. Tun 2021 ma sai da lambar NIN ake rajista, kuma layin wayar da ka yi rajista da shi ka riƙe shi kamar ranka, kar ka yi da layin wani.

Wannan ɗan bautar ƙasan, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake, ba Bahaushe bane ba kuma Musulmi bane, shi ya zaunar dani wata huɗu a ƙarƙashin dalbejiyar makaranta yana koya min waƙen Turanci da wasan kwaikwayo kyauta, sai dai in na kawo masa ɗanyar gyaɗa ko rake ya karɓa yana dariya. Na zauna jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara na samu kiredit a Litireca. 2016 na sake JAMB da haɗi daidai, naci 238, na shiga tantancewar jami'a, kuma dai suna bai fito ba.

Anan ne na san wani abu da ake kira kwota. Ashe karatun lauya ba kamar sauran kwasa-kwasai bane da jami'a zata iya ɗiban yadda taga dama, akwai majalisar kula da ilimin lauyoyi ta ƙasa wadda ita ke yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban da zata ɗauka, wadda ta wuce adadin ana iya hukunta ta, ɗalibanta su rasa gurbi a makarantar lauyoyi. Kaga masu nema dubbai kujeru 'yan kaɗan. A wannan tsakanin ne wani mutum mai manyan kaya da ake cewa ya san mutane ya karɓi kuɗin ragon Inna yace suna na zai fito a lis na uku. Har yau ban sake ganinsa ba. Yanzu abin ya fi sauƙin ganewa, tun 2017 duk adimishan ta tsarin CAPS na JAMB yake bi, kai da kanka zaka duba a waya ka gani in an baka ka danna ka karɓa, duk wanda yace zai baka ta bayan gida kuma babu a can to babu ne.

Na kusa haƙura, har na fara bin motar tumatir. Kawu ne yace akwai wata hanya, in je Legal, wato kwalejin Aminu Kano ta shari'a da addinin Musulunci da ke cikin birni, 'yan Jigawa kuma suna da irinta a Ringim. Nayi difloma ta shekara biyu a shari'a, na dage na fita da sakamako mai kyau, na sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB, wanda ake ce wa DE, Allah ya taimakeni Jami'ar Bayero ta ɗaukeni aji biyu. Wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB shekara biyar zai yi, na DE huɗu. Wasu abokaina ta IJMB suka bi, wato karatun share fagen shiga jami'a. Amma fa kowace jami'a da irin takardar da take karɓa da matakin da take so, ka tambaya kafin ka shiga difloma ba bayan ka gama ba. Kuma ni ban ɗauki shekara biyun diflomar nan asara ba, don a can na fara jin kalmomin da aka yi mana shari'a da su.

Makon farko a jami'a na raina kaina. Yara 'yan birni da suka yi makarantun kuɗi suna ta zuba Turanci kamar ruwa, lakcara na magana suna dariya ni ban ma gane inda abin dariyar yake ba. Karatun lauya kuma karatun harshe ne kafin komai, ga Turancin da ba irin na sakandare ba ga kalmomin Latin ga sunayen shari'o'in Ingila da aka yi tun kafin a haifi kakana. Ranar da aka bamu shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, matar da ta sha lemon kwalba a Sikotland ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki, na kwana uku ina karanta hukuncin da ƙamus a gefe. Amma da na gane shi sai naga ai maganar maƙwabtaka ce, cewa wanda ya haɗa abu ya sayar akwai haƙƙin wanda zai sha a wuyansa ko da bai taɓa ganinsa ba, nace to wannan ai mun san shi. Daga nan na samo dabarar da ta fisshe ni, duk shari'ar da na karanta sai na rufe littafi na ba kaina labarinta da Hausa da baki, waye ya kai ƙara, me ya faru, me alƙali yace, saboda me. In na kasa faɗa da Hausa to ban gane ba, haddace kawai nayi.

Kuma haddar ce take kada mutane da yawa, musamman mu da muka taso da allo muna da ƙarfin hadda sai mu zata ita ce karatun. Tes ɗina na farko a dokar yarjejeniya na juye duk abinda ke handawut ban bar ko waƙafi ba, maki ya fito ƙasa. Na bi malamin ofis cikin ladabi nace ranka ya daɗe ina ne kuskurena, yace ban tambaye ka abinda ka sani ba, na baka rigimar mutum biyu ne nace ka raba. Ya nuna min yadda ake yi, ka fara fito da ainihin abinda ake jayayya a kai, ka kawo dokar da ta shafe shi da shari'ar da aka taɓa yankewa, ka ɗora dokar a kan labarin da aka baka, sannan ka faɗi wa ke da gaskiya. Tun daga ranar ban sake faɗuwa irin wannan ba.

Inda na samu kaina shine ɓangaren shari'ar Musulunci, don a Bayero digirin haɗe yake, dokar da muka gada daga Turawa da ta Musulunci duk sai ka yi. Ranar da aka fara darasin gado malam ya rubuta mas'ala a allo, mutum ya mutu ya bar mata da uwa da ɗa da 'ya, aji yayi tsit. Ni kuwa wannan tun a zaure muke yinta da tsinke a ƙasa, mata tumuni wato ɗaya cikin takwas, uwa sudusi wato ɗaya cikin shida, saura a raba namiji ya ɗau biyun mace, na ɗaga hannu na warware ta daga 24. Daga ranar yaran da nake jin kunyar magana a gabansu suka fara nemana. Muka ƙulla da wani abokina ɗan Sabon Gari, ni in koya masa gado da wasiyya da usulu, shi ya gyara min rubutun Turanci ya kuma tilasta min yin magana da shi awa ɗaya kullum ba Hausa. Shi ya tura ni na shiga kotun gwaji ta ɗalibai, ranar farko ƙafata na rawa muryata na rawa amma na gama abinda na tsara. Shiyasa nake gaya wa duk yaron ƙauye da yayi karatun zaure kar ya kuskura ya ɗauka bai zo da komai ba, ya zo da rabin digirin a kansa, wasu sai sun biya kuɗin lasin kafin su kamo shi a nan.

A darasin murafa'a, wato yadda ake gudanar da shari'a a kotun Musulunci, a nan ne na sake zama a kotun da aka yi shari'ar gonarmu, amma wannan karon ina ganewa. Malam yana bayani cewa hujja tana kan mai da'awa rantsuwa kuma tana kan wanda yayi musu, kuma wanda abu ke hannunsa shi ake ɗauka mai shi har sai an kawo hujja. A harkar dukiya shaidu maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwar mai ƙara. Da naji wannan na ƙarshen sai da gabana ya faɗi, wato da mun nemo mutumin nan da ya tafi kudu shi kaɗai, Inna da magada su rantse, da magana ta canza. Sannan ya zo kan izari, tambayar da alƙali ke yi kafin hukunci ko kana da sauran hujja, yace wannan ba gaisuwa bace, haƙƙi ne, hukuncin da aka yanke ba izari ana iya rushe shi, kuma a nan ne mutum zai ce Allah ya gafarta Malam a bani lokaci in nemo shaidata. Daidai wurin da Inna tace na bar wa Allah. Ya zo kan hauzi, cewa wanda ya riƙe gona shekara 10 mai ita na gani bai yi magana ba ba tare da uzuri ba to da'awarsa ta raunana, tsakanin dangi kuma sai shekara 40, amma hauzi baya cin abinda aka tabbatar aro ne ko jingina ko haya. Ga kuma kwana 30 na ɗaukaka ƙara da alƙali ya faɗa a ƙarshe wanda ba wanda ya kula da shi a cikinmu. Na fita daga ajin nan na zagaya bayan masallaci na zauna nayi kuka sosai. Alƙalin bai zalunce mu ba, da abinda aka ajiye a gabansa yayi hukunci. Ƙofofi uku ne a buɗe a gabanmu ranar nan kuma ba wanda ya nuna mana ko ɗaya.

A aji huɗu muka yi dokar ƙasa, na san cewa tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, gonakinmu na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke da ikon bada takardar mallaka ta gargajiya a kansu, abinda da wuya ka samu mutum ɗaya a ƙauyenmu da ya taɓa nema. Muka karanta shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 inda Kotun Ƙoli ta jero hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, a ciki har da tarihin gado da takarda da daɗewar riƙo. Duk hutu in na koma gida sai in zauna da dattawa a dandali ina musu magiya a dinga rubuta jingina da aro da saye, ko a takardar littafin makaranta ce, da kwanan wata da iyakoki da sa hannun shaidu matasa ba tsofaffi kaɗai ba. Wani yace min wannan ai rashin yarda ne irin na 'yan boko, nace Baba aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta bashi ce a Baƙara kuma cewa tayi a rubuta, wadda ke bin ta kuma maganar jingina take. Yayi shiru, bayan sati biyu ya aiko jikansa da takarda da biro.

Maganar kuɗi kuwa ba zan ɓoye ba, da wuya. Littattafan lauya tsada gare su, ni ban mallaki sabo ko ɗaya ba sai a aji biyar, laburare da fotokofi da aron na gaba damu su suka riƙe ni. Daga gida ake aiko min da garin masara da kuka da daddawa da ƙuli a motar kasuwa, mu huɗu muke haɗa tukunya. Baƙin wando biyu da farar riga biyu nayi shekara biyu da su, in wanke da dare in goge da asuba, don a tsangayar lauya baƙi da fari ake sawa. Sannan ga zaman gida, 2020 korona da yajin aikin malaman jami'a suka cinye kusan shekarar duka, 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas muna gida. Na koma noman rani a ruwan Tiga, tumatir da albasa, ina kai wa kasuwar Kwanar Gafan, da kuɗin na biya rajistar shekara biyu. Sa'o'ina duk sun yi aure wasu da 'ya'ya uku, in na wuce sai a ce Barista har yanzu ba'a gama ba? Inna ce kawai bata taɓa tambayata yaushe ba. Bashin karatu na NELFUND sai 2024 ya fara, ni ina dab da fita, amma ku da kuke tafe ku bincika shi.

Abu ɗaya da ba zan manta ba a shekarar ƙarshe shine ziyarar da muka kai wani gidan gyaran hali da ƙungiyar ɗalibai masu taimakon shari'a kyauta. Na haɗu da wani yaro ɗan ƙauye kamar ni, an kama shi a kan rigimar da bata kai ta kawo ba, an bada belinsa tun tuni amma ba wanda ya gaya wa iyayensa abinda ake nufi da mai tsaya masa, suna can suna neman kuɗin da ba'a ce su kawo ba. Tsarin mulkin 1999 sashe na 35 yace wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, sashe na 36 kuma yace mutum mara laifi ne har sai an tabbatar. Lauyar da ke jagorantarmu ta bi takardunsa, mu muka nemo yayan babansa a waya muka yi masa bayani da Hausa, cikin sati biyu yaron ya fita. Na gaya wa Baffa wannan labarin da na koma, bai ce komai ba amma da zan tafi ya bani kuɗin mota, abinda bai taɓa yi ba.

Iyayen 'yan mata kuma da ke tambayata ko ya dace, a ajinmu mata suna da yawa kuma su ke kan gaba a sakamako sau da dama. Mai shari'a Aloma Mukhtar da ta zama mace ta farko Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012 a kotunan Kano ta yi aiki shekaru, wanda ta gada kuma, Mai shari'a Dahiru Musdapher, mutumin Ɓaɓura ne a Jigawa. Maganar hijabi ma an wuce wurin tun 2018 da aka rantsar da Firdausi Amasa da hijabinta bayan taƙaddamar da aka yi a 2017. Matan ƙauyenmu akwai abinda ba za su iya gaya wa lauya namiji ba ko za su mutu da shi, suna buƙatar 'ya'yansu a wannan aikin.

Digiri kaɗai baya maida mutum lauya, sai ka yi shekara ɗaya a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya wadda aka kafa a 1962, Losukul kenan. Hedikwatarta na Bwari a Abuja, tana da rassa a Legas da Inugu da Yenagoa da Yola da Fatakwal da kuma Kano. Ta intanet ake cike fom, tsangayarku ta tura sunayen waɗanda suka gama, su kuma su tura ka reshen da suka ga dama. A nan ne maganar suna da na faɗa ta taso min, harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardar sakandare da ta digiri, sai da nayi rantsuwar kotu na yi ta zirga-zirga kafin ya daidaita. Kuɗin makarantar kuma sai da dangi suka haɗa hannu, Gwaggo ta sayar da tunkiyarta, Kawu ya bada buhun shinkafa uku. Ranar da aka saki jerin wuraren na buɗe waya hannuna na rawa don ban san inda zan samo kuɗin motar Yenagoa ba in can ne, sai naga Kano. Bagauda.

Karatun nan ba irin na jami'a bane, aiki ake koya maka. Darussa biyar ne, shari'ar laifuka, shari'ar tsakanin mutane, harkar filaye da kadarori, harkar kamfanoni, da ladubban aikin lauya. Kullum daga safe kana aji cikin kot da nektai ko ana zafin Afrilu, ana ɗaukar halarta, da yamma taron rukuni ku shirya aikin gobe, ka koyi rubuta takardar tuhuma da takardar ƙara da yarjejeniyar sayar da gida da wasiƙa zuwa ga wanda kake wa aiki. Akwai liyafar cin abinci guda uku da dole ka halarta, a tura ka kotu ka zauna kana rubuta abinda ka gani a littafin aiki, a tura ka ofishin lauya, ka dawo a tantance abinda ka koyo, sannan babbar jarrabawa. In ka ci, manyan lauyoyi biyu daga majalisar da ke rantsarwa su sa maka hannu, a kira ka Abuja ka sa gashin nan da alkyabba, ka sa sunanka a rajistar Kotun Ƙoli. A darasin ladubba aka gaya mana ƙarara cewa lauya ma'aikacin kotu ne kafin ya zama na wanda ya ɗauke shi, bashi da izinin yaudarar alƙali ko kawo shaidar da ya san ƙarya ce, in yayi ana iya cire sunansa gaba ɗaya. Na rubuta wannan a takarda na kai wa malaminmu na zaure, ya sa na fassara masa sau biyu.

Yanzu haka ina zaman kotu ne, saura jarrabawa, ina roƙon addu'arku. Ranar Juma'ar da ta wuce na je gida, bayan isha muna zaune a tsakar gida Inna na gyaran gyaɗa sai tace min, to yanzu da ka karanta, gonar nan zata dawo? Na daɗe ina tsoron ranar da zata yi min wannan tambayar. Nace Inna gaskiya da wuya, lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce da shekaru, kotu na iya ƙara lokaci in akwai dalili mai ƙarfi amma bamu da shaida har yau, mutumin ya rantse kuma ya rasu an raba wa 'ya'yansa. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta bata ɗago ba. Can tace to shikenan, Gwaggonka zata bada tata gonar jingina saboda bikin 'yarta, gobe da safe ka ɗauko biro da takarda mu je, ka kira mai unguwa da yara biyu masu hankali su sa hannu. Nace mata har yanzu fa doka bata bani sunan lauya ba, tace ni ba lauya nace ka kira min ba, rubutu nace ka yi. Da safe muka tafi, ita a gaba ni a baya, na rubuta iyaka gabas da yamma da kudu da arewa da adadin kuɗin da ranar, na karanta musu da Hausa kowa yaji, aka dangwala, nayi kwafi uku na ba Gwaggo ɗaya na ba mai karɓar jinginar ɗaya, na ukun Inna ta karɓa ta ninke ta saka a cikin kwallarta.